Gwajin Ihu

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba sai wannan, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni iya riƙe alƙalami nesa ba kusa ba. Karatu dai na yi shi har idona ya nemi gilashi, amma rubutu wani abu ne daban. Labarin ma ba nawa ba ne, na yayata ne, don haka zan matsa gefe in bar mata fili. Dama ita in ta shiga ɗaki ba ta rage wa kowa wuri.

A ofis ba mai kiran ta da sunanta. Ba-Matsala suke ce mata, domin duk abin da mai saye ya tambaya, tun kafin ya rufe baki ta ce ba matsala, daga baya ta koma ta tambayi injiniya ko abin zai yiwu. Injiniyan shi ne abokin kasuwancinta, Dogo, mutum mai tsawo da ƙarancin magana, wanda in ya zauna gwiwoyinsa ke dukan ƙasan tebur. Su biyu suka kafa kamfanin a ɗakuna biyu a saman wani shagon tayoyi, inda warin roba ke hawowa ta taga. Shi yana gina manhaja, ita tana sayarwa. Manhajar ta lissafin kaya ce da oda da rasit, kuma ba a cikin kwamfutar mai saye take zaune ba. A gajimare take, kamar yadda suke faɗa. In aka tambaye ta mene ne gajimaren, sai ta ce kwamfutocin wasu ne a wani gini mai nisa, kai haya kake yi, su kuma ba sa barci don kai ka yi.

Babban kifin da ta daɗe tana bi shi ne wani kamfanin rarraba magunguna mai rassa da dama. Mai kamfanin dattijo ne, ma'aikatansa Baba suke ce masa, kuma in an ji takunsa a baranda kowa sai ya sami abin yi da hannunsa. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Abu ɗaya ne da shi: duk wanda ya kawo masa ƙorafi, sai ya cire gilashi ya dube shi ya ce, to kai me ka yi a kai? Daga nan aikin ya hau kanka ke nan, har da wanda ba naka ba. Da haka mutanen gidan suka koyi haɗiye magana.

A ƙarshen barandar akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe. A ciki saba take, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duk bayanan kamfanin tun yana shago ɗaya. Tsohuwa suke ce mata. Tana gurnani dare da rana, ƙura ta toshe mata hanci, an jingina mata fanka a gefe saboda zafi. Baba da kansa ya sayo ta, kuma yana son ta kamar yadda ake son tsohuwar mota.

Ba-Matsala ta sha hawa da sauka kafin ya yarda a gwada manhajarta a babban ofis kaɗai. Aka kwashe bayanai aka kai gajimare, aka koyar da ma'aikata, komai ya zauna. Saura abu ɗaya, kashe Tsohuwa. A nan Baba ya kafe. Ya ce wa ya tabbatar masa ba wani abu da har yanzu yake rataye da ita?

Dogo ne ya amsa, abin da ba kasafai yake yi ba a gaban masu saye. Ya ce a sana'arsu akwai abin da suke kira gwajin ihu. Na'urar da ta daɗe a wuri, ba mai iya tuna duk abin da aka ɗora mata. Don haka ba a cire ta, ba a goge ta, kashe ta kawai ake yi a zauna a saurara. Duk wanda aikinsa ke rataye da ita zai yi ihu, sai a bi ihun a gyara.

Abin ya yi wa Baba daɗi har ya yi murmushi. Ya ce to a yi haka, amma da sharaɗi. A kashe ta zuwa ƙarshen wata. In ba wanda ya kawo ƙorafi, zai sa hannu a ba su rassansa gaba ɗaya. In kuwa aka sami ko mutum ɗaya, a kunna masa Tsohuwarsa, su kuma su tattara gajimarensu su yi gaba.

Dogo ya buɗe baki zai ce ba haka ake yi ba, ai ihun ake nema. Ba-Matsala ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ba matsala, Baba," ta ce.

A mota ya yi ta mita, ita kuma tana gyara madubi. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, aikinsa mai kyau ne, ta yarda da shi fiye da yadda ya yarda da kansa. Rassan nan su ne za su sauko da su daga saman shagon tayoyi. In kuma suka rasa su, kowa a kasuwar zai ji cewa Baba ya gwada su ya mayar, kuma bayan wannan ba mai sake buɗe musu ƙofa.

Ranar da za a kashe Tsohuwa, Ba-Matsala ta zo da lemo da biskit ta tara ma'aikata a ɗakin taro, don rufe horon da ta yi musu. Sun saba da ita sosai a lokacin. Ta san sunan 'ya'yan kowa, ta taɓa raka akanta asibiti da matarsa ta haihu, ta gyara wa maigadi wayarsa. Cikin raha ta ba su labarin sharaɗin Baba, har tana kwaikwayon yadda yake cire gilashi. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa ana kallon ƙofa. Ta ɗaga kwalbar lemo ta ce su dai su rufa mata asiri, in wani ya yi tari ma a watan nan ta shiga uku. Aka sake dariya. Dogo yana can ɗakin Tsohuwa yana danna maɓalli, bai ji ba.

Gurnanin ya tsaya. Barandar ta yi tsit har sakatariya ta ce kunnenta na ƙaiƙayi.

Kwanaki suka yi ta wucewa, ba wanda ya kira. Ba-Matsala tana shigowa ofis tana juyi, tana tambayar Dogo wane launi yake so a shafa wa sabon ofishinsu. Shi kuwa kullum fuskarsa ƙara tsukewa take. Ya ce tun da yake bai taɓa kashe saba ba a rasa mai ihu. Ko firinta ce sai ta ƙi aiki, ko wani ya nemi tsohon hoton bikinsa da ya ɓoye a ciki. Ta ce masa matsalarsa ita ce bai iya cin nasara ba, in an ba shi sai ya juya ta yana neman inda ta tsage.

Da safiyar ranar sa hannu gidanmu ya cika da hayaniyarta. Ta sa ni, ƙanwarta, na ajiye littafi na goge mata mayafi, ta aiki autan gidan ya wanke mota, ta canza takalmi ta sake canzawa. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, yana zaune a falo yana shan shayi, ya ce shi har yau bai gane abin da 'yar nan take sayarwa ba, an ce gajimare, shi kuma bai ga ruwa ba. Ta ce ya bari a sa hannu, zai ga ruwa har ya nemi lema. Mama tana ninke kaya a kan kujera, ta tambaya wai da gaske duk watan nan ba wanda ya ce uffan? Ta ce ko ɗaya. Mama ta ce ita dai lokacin da muke yara, in ta ji mu shiru a ɗaki ba ta murna, tashi take ta je ta ga me muka fasa.

"Mama, waɗannan manya ne, masu digiri."

"Ke ma ai da wayonki kika fasa min madubi, kika juya shi bango."

Ta yi dariya, ta sumbaci kan Mama, ta ɗauki jaka.

Ta isa da wuri, don haka maimakon ta hau sama kai tsaye sai ta ce bari ta zaga ta gaisa da mutanenta. A ƙofar ma'aikata ta fara tsayawa. Ƙofar da kati ake buɗe ta, amma yau a buɗe take, an tokare ta da bulo. Ta tambayi maigadi, ya ce ai iska ake sha, lafiya lau, ya kawar da kai yana gyara hula. Ta wuce.

A sito ta ga kwalaye jere, kowanne da takardar shaida a gefe kamar kullum. Sai da ta matsa ta lura ba firinta ce ta buga su ba. Da hannu aka rubuta, da baƙin alƙalami mai kauri, an yi ƙoƙari an daidaita haruffan su yi kama da bugu. Masu ɗaukar kaya suka gaishe ta da fara'a fiye da kima, kowa yana matsawa ya tsaya a gaban kwali.

Takunta ya ragu. Ta bi ta bayan kantoci zuwa ɗakin sanyi, inda ake ajiye alluran rigakafi da magungunan da ba sa son zafi. A bakin ƙofar an ajiye farar kujerar roba, wadda ba ta taɓa gani a wurin ba. Shugabar sito, wadda kowa ke kira Anti, tana zaune a kai da ƙaramin bargo a cinya, idonta a kan ma'aunin sanyin da ke jikin bango. A ƙasa akwai filas da kofi da matashi wanda ya lotsa saboda zama.

Anti ta miƙe da sauri, tana neman tura matashin bayan kujera da ƙafa. Suka gaisa. Ba-Matsala ta tambayi ƙafar da ke damun ta, ta tambayi jikokinta, sannan ta tambayi kujerar. Anti ta ce hutawa take. Ba-Matsala ta dubi filas da matashin, sannan ta tsare ta da ido. Kallon ya fi ƙarfin Anti.

Ta ce da can, in sanyin ɗakin ya fara raguwa, saƙo ne ke shigowa wayarta da ta mataimakinta, su zo a guje. Tun ranar da aka kashe Tsohuwa saƙon bai sake zuwa ba. Sun gwada, sun bar ƙofar a buɗe da gangan, waya ko motsi. Shi ne suka raba zama a tsakaninsu, wannan ya tashi wannan ya zauna, har ranakun hutu. Ta ce ba abin da ya lalace, ko kwalba ɗaya, ta rantse.

"Anti, me ya hana ki kira ni?"

"Ke da bakinki kika ce mu rufa miki asiri, 'yar nan. Kuma in na je wurin Baba, me zai ce? Ke me kika yi a kai. To ga abin da na yi a kai." Ta nuna kujerar. "Yau dai a sa hannun, gobe sai ki gyara mana a hankali. Mun riƙe miki har nan, ba za mu saki yanzu ba."

Ba-Matsala ta zaro wayarta. Ta fita bakin sito ta kira Dogo ta gaya masa komai, har da lemo da biskit. Ya ce gwajin ihu ba a sanar da shi, balle a roƙi mutane kada su yi. Ta ce ta sani yanzu, ya bar wa'azi ya faɗi abin yi. Ta ji yana danne-danne. Ya ce wata 'yar manhaja ce wani ya dasa a cikin Tsohuwa tun shekarun baya, ita ke tura saƙon, ita ke buɗe ƙofa, ita ke magana da firintar sito, kuma ba wanda ya taɓa ambaton ta. Zai iya mayar da su gajimare, amma ba yau ba. Yau hanya ɗaya ce, a kunna Tsohuwa.

Sai kuma ya rage murya, shi da ba ya son irin wannan. Ya ce ko ta hau a sa hannun tukuna, tunda Anti na zaune? Shi zai lallaɓa ya gyara ba wanda ya sani.

Ta leƙa ta hango Anti ta koma kan kujerar, tana murza gwiwa, idonta a bango. Ta tuna alluran nan jikin jarirai za su shiga, kuma abin da ke tsakaninsu da lalacewa shi ne kada barci ya ɗauki matar da ta kusa ajiye aiki. Ta kuma san kanta: ba ciniki ɗaya take so da Baba ba, so take ya riƙa kiran ta shekara da shekaru.

Ta ce wa Dogo ya taho da kwamfutarsa. Ta hau sama, ta karɓi makullin ɗakin Tsohuwa a hannun sakatariya, ta shiga ta danna maɓallin da kanta. Tsohuwa ta yi tari, ta yi kakari, gurnaninta ya cika baranda. Kawuna suka leƙo daga ofisoshi suka koma da sauri.

Baba yana zaune, takardun a gabansa, biro a buɗe, lauyansa a gefe. Ya ji gurnanin kafin ta shigo. Ta gaishe shi har ƙasa kamar kullum, ta miƙe, ba ta zauna ba.

"Baba, ƙorafi na kawo."

Ya cire gilashi. Ta faɗa masa na ƙofa, na firinta, na ɗakin sanyi. Ta ce mutanensa sun yi shiru ne don ita ta roƙe su, kuma don ba sa son hawowa nan. Lauya ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

"To ke me kika yi a kai?"

"Na kunna ta. Ga ta can kana ji."

Ya mayar wa biro murfinsa. Ya ce sharaɗi sharaɗi ne. Ta ce haka ne, ba ta zo roƙo ba. Sai ya tashi ya ce ta kai shi ya gani.

Ba a taɓa ganin Baba a bayan kantocin sito ba. Anti ta miƙe har bargon ya faɗi. Ya dubi filas, ya dubi matashin, ya tambaye ta tun yaushe. Ta faɗa. Ya tambaya har da ranakun hutu, ta ce har da su. Sai ya juya ya zauna a kujerar robar, ya ɗaga kai yana kallon ma'aunin kamar yadda take yi. Kujerar ta yi ƙara. Ana cikin haka wayar Anti ta yi ƙiris, saƙon Tsohuwa ya shigo, wai an bar ƙofar ɗakin sanyi a buɗe. Baba ne ya jingina da ita.

Bai yi dariya ba, amma ya matsa. Ya ce shi da ya ɗauka shirun gidansa lafiya ce. Ya ce ba zai sa hannu yau ba, kuma Tsohuwa za ta ci gaba da aiki. Amma za a sake gwajin. Shi zai zaɓi ranar, shi zai danna maɓallin, ba zai gaya wa kowa ba, har ita mai bakin.

Ta ce ta yarda, amma ita ma tana da nata sharaɗin. Ƙorafi wayarta za a riƙa kawowa, ba ofishinsa ba, kuma wannan karon yawan ihu ba faɗuwa ba ne, faɗuwa ita ce ihun da aka yi ba a gyara ba. Baba ya dubi lauya ya ce ka ji 'yar kasuwa, ta faɗi jarrabawa tana gyara tambayoyi. Amma ya gyaɗa kai.

Dogo ya kwashe saƙon sanyi da ƙofa da firinta ya kai gajimare. Ba-Matsala ta bi ofis-ofis tana liƙa lambarta a jikin kowace kwamfuta, tana cewa duk wanda ya rufa mata asiri wannan karon ba ita ba shi.

Wata safiya tana tsakar karyawa wayarta ta fara ruri, ashe Baba ya kashe Tsohuwa. Akanta ne, wai wani tsohon rahoto ya ɓace. Kafin ta ajiye, sakatariya, wai agogon shiga aiki ya tsaya. Bayanta maigadi, shi ba abin da ya lalace masa, ya dai ji ana kira ne ya ce kada a bar shi a baya. Ta miƙe tsaye da cokali a hannu tana amsawa, tana tura wa Dogo, fuskarta kamar an yi mata albishir. Kawu ya ce shi bai taɓa ganin wanda ake yi wa ƙorafi yana rawa ba. Mama ta ce a bar ta, yaran sun fara magana.

Kiran ya yi ta raguwa da kansa har ya ƙare. Da Anti ta kira, cewa ta yi saƙon sanyi yana shigowa, kuma ta mayar da kujerar ɗakin shan shayi. Baba ya sa hannu a kan reshe ɗaya tukuna, ya ce sauran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa gwajin. Tsohuwa kuwa ya hana a fitar da ita. Tana nan a ɗakinta a kashe, an lulluɓe ta da zane.

Yanzu haka yayata tana falo tana ba baƙi labarin, kuma a nata bakin ita ta shirya komai tun farko. Sun kai wurin kujera, kowa na dariya, ba mai kallon ƙofa. Bari in ɗauki takalmina a hannu in bi ta kicin, kafin ta kira ni shaida.